Kurakuran da ke ɓata wa mutum ranar ziyara a Madina

Duk wanda ya taɓa bin ayarin ɗalibai ko na masu Umara zuwa Madina ya san ranar nan da ake ware wa ziyara, a fita da niyyar ganin wuraren da aka karanta a Sira, a ji bayani daga bakin malami, amma sai a dawo masauki da azahar kowa ya galabaita, wani ya ɓata, wata Hajiya ƙafa ta kumbura, in ka tambayi mutum me ya ƙaru da shi sai dai ya nuna maka hotuna da ledar dabino. Kuma wallahi kurakuran kusan iri ɗaya ne ake ta maimaitawa.

Babban cikinsu shi ne haɗama. Ana so a je masallacin Ƙuba, a je Uhudu, a leƙa masallacin Ƙiblataini, a tsaya inda aka yi yaƙin Handaƙ, a shiga wajen buga Alƙur'ani, wani ma ya ce a ƙara da Badar, duk kafin azahar. Toh Badar fa wajen kilomita 150 ne daga Madina, rana guda ake ba ta ita kaɗai. Shi kuma kamfanin buga Alƙur'ani na Sarki Fahad, wanda aka buɗe a 1984, da safe yake karɓar baƙi kuma ba ya buɗewa Juma'a da Asabar, sai ka ga mota cike ta je ta ci karo da ƙofa a rufe. In dai ilimi aka fito nema, wuri biyu ko uku sun isa, a zauna a kowanne a ji abun da ya faru a wurin.

Sai barin direba ya zama malami. Kana fitowa daga harami za ka ji suna kiran "ziyara, ziyara", mutane su tsunduma mota ba a yi ciniki ba, ba a faɗi wuraren da za a je ba, ba a ce ga mintin da za a yi a kowane waje ba. Shi kam sana'arsa yake, so yake ya sauke ku ya ɗauki wasu, shi ya sa ko gama sallama ba ku yi ba zai fara danna oda yana "yalla ya hajji", amma in an zo shagon dabino sai ka ga babu mai gaggawa. A gama magana tun kafin a hau: riyal nawa, na mutum ɗaya ne ko na mota duka, ina da ina, kuma kuɗi sai an dawo. Bayanin tarihi kuwa a bar wa wanda ya karanta, in babu malami a ayarin a sa ɗalibi ɗaya ya yi bitar tarihin wuraren tun dare.

Na Ƙuba ma akwai abun lura. Hadisin da ya yi maganar ladan Umara cewa ya yi wanda ya yi tsarki a gidansa sannan ya zo ya yi salla a masallacin, amma da yawa sai su fito daga otal babu alwala, su je su ƙare lokacinsu a layin banɗaki, mota na jira. Ka yi alwalarka a ɗaki. Kuma kar a yi sammakon da za a isa rana ba ta ɗaga ba, ana ta gardamar ko za a yi nafila ko ba za a yi ba. Nisansa da masallacin Annabi (SAW) bai fi kilomita 3 da ɗoriya ba, akwai hanyar ƙafa mai kyau, mai ƙarfi zai iya takawa da hantsi, don Manzon Allah ma yana zuwa ranar Asabar, wani lokaci a ƙafa wani lokaci a kan abun hawa.

Uhudu ne wajen da abun ya fi ba ni takaici. Mutane na sauka sai su ruga kan ɗan tudun nan da ke kusa da maƙabartar shahidai, a ɗaga waya a yi hoto a rubuta "ga ni a kan dutsen Uhudu". Malam ba shi ba ne fa. Uhudu shi ne dogon dutsen da ke miƙe can baya, wannan da ka hau Jabalur Rumati ne, inda aka ajiye maharba 50 ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu ranar yaƙin Uhudu a shekara ta 3 bayan Hijira, aka ce kar su sauka ko me suka gani. Da za ka tsaya a kansa ka maida waya aljihu, ka dubi inda Musulmi suka ba dutsen baya, ka dubi ta inda Halidu ɗan Walidu, wanda a lokacin yana ɓangaren Ƙuraishawa, ya zagayo da dawakai bayan yawancin maharban sun sauka, da darasin ya zauna maka fiye da karatun wata guda, don ƙasar ce da kanta ke nuna maka yadda nasara ta juye har aka rasa sahabbai wajen 70, ciki har da Sayyidina Hamza da Mus'abu ɗan Umairu. Amma ina, wasu na can suna tsintar tsakuwa suna zubawa a jaka, masu tsaron wurin na ta fama da su. A yi wa shahidai sallama da addu'a kamar yadda aka koyar, a tambayi malami abun da ya shige duhu.

Raula kuma, wato wurin da ke tsakanin ɗakin Annabi da mumbarinsa a cikin masallaci, yanzu sai da izini ta manhajar Nusuk, maza da lokacinsu mata da nasu. Kuskuren shi ne a ɗauki lokaci sannan a fita yawon ziyara a makale a hanya, ko a zo bakin shiga waya ta mutu ko babu data. Ka duba lokacinka kafin a tsara fita, ka yi caji, ka isa da wuri. Maƙabartar Baƙi'a ma ba kowane lokaci take a buɗe ba, bayan asuba ne da bayan la'asar, kuma maza ne ke shiga, kar a ja iyaye mata zuwa bakin ƙofa cikin rana a banza.

Maganar ɓata, harabar masallacin nan lemominta duk kamarsu ɗaya, Baba zai shiga ta wata ƙofa ya fito ta wata ya rantse otal ɗin ne ya tashi. Kowa ya riƙe katin otal a aljihu, ya haddace lambar ƙofar da ya shiga, takalmi a leda a hannu. Masu ciwon suga da hawan jini kar su fita ba karyawa ba magani, zafin Madina da bazara yana wuce digiri 40, ruwa kuma a riƙa kurɓa tun ƙishi bai zo ba.

Wanda mutane ba su ma ɗauka kuskure ba, alhali ni a ganina ya fi sauran asara, shi ne a ƙarar da ƙarfi duka da safe a zo a kwanta har isha. Cikin masallacin Annabi akwai kujerun malamai, ana karantar da tafsiri da hadisi da fiƙihu bayan asuba da tsakanin magariba da isha, ga halƙoƙin gyaran karatun Alƙur'ani, ga ɗakin karatu, duk kyauta. Mutum ya biya kuɗin jirgi don ilimi amma barci ya cinye masa wannan. Ku dawo kafin azahar, a ci abinci a yi ƙailula, la'asar ta same ku a harami da littafi da biro, wanda Larabcinsa bai yi ƙarfi ba ya zauna kusa da ɗalibin jami'ar Musulunci ta Madina, ana tashi ya roƙe shi ya maimaita masa kanun darasin.

Kuma don Allah kar a haɗa ziyara da tafiya Makka rana ɗaya. A nan ne ake rige-rigen haɗa kaya, a manta wanka, wani ma haraminsa na can ƙasan akwati a bayan mota har a iso miƙati a Abyar Ali, sai an sauke kayan mutum goma kafin a ciro masa.