Yadda na gyara kurakuran littafin shirin jarrabawar sabar yanar gizo

Littafin da ɗaliban ajinmu na Jos ke bi an rubuta shi ne don Apache 2.2 (Apache manhajar sabar yanar gizo ce), alhali kwamfutocin gwajinmu 2.4 ke kansu, wanda ya fito tun 2012. Nan matsalar take.

Babban kuskuren yana wajen ba da izinin shiga shafi. Littafin ya ce a rubuta Order allow,deny da Allow from all. A 2.4, Require all granted ake so. Tsohon salon kan yi aiki idan mod_access_compat, sashen Apache mai fahimtar tsohon salon, na kunne, amma haɗa su biyun a fayil ɗaya kan jawo kuskuren 403, wato hana shiga shafi, ba gaira ba dalili. Na goge tsofaffin layukan gaba ɗaya.

NameVirtualHost kuwa, umarnin da a da ake sawa idan shafuka da yawa suna kan adireshi ɗaya, ba ya da amfani yanzu, na cire shi.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne SELinux, tsarin tsaro na Linux mai ba fayiloli lakabi, littafin ko ambatonsa bai yi ba. Da na mayar da shafin zuwa foldar /web, sai da na ba shi lakabin httpd_sys_content_t, wanda ke barin Apache ya karanta shi, da umarnin semanage fcontext, sannan na gudanar da restorecon -Rv /web don lakabin ya hau. Kar a dogara da chcon, wani umarnin sa lakabi, gyaransa yakan ɓace idan aka sake lakabi.

Kafin sake kunna httpd, wato Apache ɗin, a gudanar da apachectl configtest, a tabbatar ya ce Syntax OK.