Yadda ake duba akori-kura ta hannu kafin a biya kuɗi

Wanda ya yi wayo kafin shekarar 2000 ya san akori-kurar Peugeot, wadda muke kira Fijo, ranar kasuwa an lafta mata buhuna da mutane har gindinta na neman taɓa ƙasa. Kamfanin da ya fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975 shi ya cika mana hanyoyi da su. Yau Hilux ce ta gaji wurin. Tun 1968 Toyota ke ƙera ta, ta yi sunan ƙarko har ana cewa ba ta mutuwa, kuma wannan sunan ne ke jefa masu saye cikin asara. Mutum ya ga fenti na ƙyalli, ya ji an ce Hilux ce, sai ya saki jiki. Alhali motar aiki ce. Kafin ta iso gabanka ta yi wa wani bauta: kamfanin gine-gine, ko ma'aikatar gwamnati, ko ayarin rakiyar manya, ko mai dakon hatsi. Abin da aka yi mata ba ya jikin fenti, yana can ƙarƙashinta, shi ya sa nake cewa daga ƙasa ake fara sayen akori-kura.

Ka yanke shawarar inji tun daga gida

Kada ka bari dillali ya zaɓa maka. Hilux da ta fi yawa a hannun mutane iri biyu ce: wadda aka yi daga 2004 zuwa 2015, da wadda ta biyo bayanta daga 2015. A ɓangaren fetur akwai inji mai lita 2.7, wanda ake kira 2TR. Yana shan mai, amma ba shi da tsirfa, kuma kusan kowane bakanike ya san cikinsa. A ɓangaren dizal akwai 2KD mai lita 2.5 da 1KD mai lita 3.0, sai sababbin, 2GD mai 2.4 da 1GD mai 2.8. Waɗannan suna da ƙarfin ja da tsimin mai, sai dai nozul ɗinsu, wato bututun da ke fesa mai cikin inji, na aiki da matsi mai tsanani, kuma ruwa ko datti kaɗan a cikin mai ya isa ya lalata su. Akwai kuma tsohon 5L mai lita 3.0 wanda ba shi da turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ba ya gudu, amma ya fi su haƙuri.

Ra'ayina shi ne, in a garinku a jarka ake sayen dizal a bakin hanya, ka ɗauki ta fetur ko 5L. Haka nan ka san aikin da za ta yi. Mai ƙofa biyu ta fi tsawon akwatin baya, ita ce ta kaya. Mai ƙofa huɗu ta iyali ce da ma'aikata.

Takardu kafin makulli

Kowace mota na da lambar casis mai haruffa da alƙaluma 17. Ka nemo ta a wuri uku: a takarda, a ɗan allon da ke jikin motar, sai wadda aka buga a ƙarfen casis ɗin kansa, wato ƙarfen da motar ke zaune a kai, ta ɓangaren dama. Dole su zama ɗaya. In ka ga wurin an goge shi da giranda, ko haruffan ba su daidaita ba, ka yi sallama ka tafi, kome arahar motar. Farkon lambar na gaya maka inda aka ƙera ta: MR0 Tailan, AHT Afirka ta Kudu, 8AJ Ajantina.

Takardar kwastan kuwa, kada ka yarda da kwafi. A watan Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, don haka motar da aka ce ta biyo ta Kwatano ta ƙasar Benin bayan wannan lokaci tana bukatar bincike sosai. Ka kai lambar ofishin kwastan a tabbatar maka an biya haraji kafin ka ba da ko kafin alƙalami.

Abu biyu ake yawan ɓoyewa a nan. Na farko, juya sitiyari. Mun koma tuƙi a hannun dama, da sitiyari a hagu, tun 1972, amma har yau ana shigo da masu sitiyari a dama a juye su. Ka kunna waifa: in ta fi share gefen fasinja ta bar kusurwar da ke gaban direba, alama ce. Ka leƙa bangon da ke tsakanin inji da ɗakin direba, za ka ga tsohon ramin sitiyari an toshe shi da walda. Sitiyari da birki ba wurin gwaji ba ne, ni ba na ba kowa shawarar sayen irin wannan. Na biyu, canza fuska: a ɗauki ta 2008 a sa mata fitilu da bamba na sabon yayi a sayar da kuɗin sabuwa. Ƙyallen da ke ɗinke a ƙasan bel ɗin kujera yawanci na ɗauke da shekarar da aka yi shi, kuma masu kwaskwarima kan manta da shi.

Yanzu ka shiga ƙarƙashinta

Ka zo da tocila, da ƙaramar guduma, da tsohuwar riga. In akwai ramin bakanike kusa, a kai ta can. In babu, shimfiɗa kwali ka kwanta.

Akori-kura ba kamar ƙaramar mota ba ce. Tana zaune ne a kan dogayen ƙarafa biyu, tun daga gaba har baya, su ne casis. Inji ana sakewa, giya ana sakewa, amma casis in ya karye ko ya lanƙwashe, motar ba za ta ƙara komawa daidai ba har abada. Inda ya fi jin jiki shi ne tsakanin ɗakin direba da akwatin baya, da wuraren da sifirin ke maƙale. Kafin ma ka kwanta, koma gefe ka tsaya nesa kaɗan ka dubi ratar da ke tsakanin ɗaki da akwati. Ya kamata faɗinta ya zama ɗaya daga sama har ƙasa. In sama ta buɗe baki ƙasa ta matse, lodi ya karya mata baya.

Na taɓa raka wani ƙanena duba wata fara mai ƙofa huɗu. A ido ba ta da makusa, har ledar kujeru ba a cire ba. Da na shiga ƙasa sai na ga an shafe casis ɗin da baƙin fenti mai kauri kamar kwalta, yana ɗan danƙo a yatsa, sabo fil, alhali sauran ƙarƙashin duk jar ƙasa ce ta shekaru. Na sa bakin makulli na kankare wurin da ya fi tudu, daidai bayan ɗakin direba. Sai ga ɗinkin walda mai tsawon tafin hannu, an ɗora masa wani guntun ƙarfe. Ƙanena ya riga ya sayar da shanu biyu domin wannan mota. Na fito na karkaɗe rigata na ce masa mu tafi. Ya yi kwanaki yana jin haushina, domin ransa ya riga ya kwanta da ita, amma na gwammace haushinsa da in ji labarin ta rabe da kaya a kan hanya.

Saboda haka duk inda ka ga sabon fenti a ƙarƙashi, tambayi kanka me yake rufewa. Bubbuga ƙarfen da guduma. Lafiyayye na amsawa da ƙara mai tsauri, wanda tsatsa ta ci daga ciki kuwa sai ka ji shi dum-dum, wani lokaci har ɓarɓashi ya zubo. Wannan ya fi shafar motocin da suka zauna a bakin teku, da Tacoma da Tundra, wasu akori-kurar Toyota da ake kawowa daga sassan Amurka da Kanada inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara.

Daga nan dubi sifirin ɗin baya. Ya kamata ganyayensa su yi ɗan lanƙwasa kamar baka. In sun miƙe sun kwanta, ko ka ga an cusa ƙarin ganye wanda bai yi kama da sauran ba, ta sha lodi. Dubi shokozoba ko yana yoyon mai. Kama furofela, wato sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya, ka jijjiga, bai kamata ta yi wasa ba. Dubi inda ta shiga aksil ɗin baya ko akwai jiƙar mai, sannan robobin da ke rufe da sandunan tayoyin gaba, in mai jan ƙafa huɗu ce, kada su kasance a yage.

Inji, amma da sanyinsa

Ka sa lokaci da sassafe, ka ce kada a tayar da ita sai ka zo. Da isarka ɗora hannu a kan inji. In da ɗumi, an riga ka, domin inji mai ciwo da safe yake tona kansa.

Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Duk fitilun gargaɗi su kama, na inji, na baƙin mai, na jakar iska, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, ƙila cire ta aka yi. Sai a tayar kai kana tsaye a bayan salansa. Hayaƙi shuɗi na nufin tana cin baƙin mai. Fari mai kauri wanda ya ƙi ɗaukewa bayan ta yi zafi na nuna ruwa na shiga inji ko nozul sun gaji. Baƙi wuluk a ta dizal, mai ne ke yawa ko iska ta yi kaɗan. Buɗe murfin baƙin mai tana aiki: in hayaƙi na bugowa da ƙarfi, ringin fistin sun tafi. In ƙarƙashin murfin ya yi kumfa kalar shayi da madara, ruwa ya haɗu da mai. Lagireto kuma, tun tana sanyi za ka buɗe. Ruwa mai launi ake so a gani, ja ko ruwan hoda. In ruwan rijiya ne mai tsatsa, ka san irin riƙon da aka yi mata.

Akwai wata cuta da aka san 1KD da ita. Ƙarƙashin kowane nozul akwai ɗan zoben tagulla mai toshe wurin. In ya saki, hayaƙi na kutsawa cikin baƙin mai ya zama gawayi, gawayin ya toshe rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta, sai inji ya buga ba zato. Tambayi yaushe aka canza su. In babu amsa, sa kuɗin aikin cikin lissafinka. Haka taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita bugun inji: 1KD da 2KD da bel suke aiki, kuma a kilomita 150,000 ake canza shi. 2TR da sababbin GD sarƙa ce. A ƙarshe ka biya mai na'ura ya jona kwamfuta ya karanta maka lafiyar nozul. Kuɗin bai kai kuɗin nozul ɗaya ba.

Gwajin hanya

Kada ka tsaya a kwalta mai santsi. Nemi gargada ka saurari ƙafafu, nemi tudu ka ji ko kuloci na zamewa, taka birki ka ga ko tana ja gefe. Giyar taimako mai sa tayoyi huɗu su ja, wadda direbobi ke kira okzilari, a kan rairayi ko turɓaya ake gwada ta. Sa H4 ka ji ta kama, sannan ka tsaya cak ka sa L4. A busasshiyar kwalta ba a tafiya da su, domin tayoyin gaba da na baya na ɗaure ne tare, in ba inda za su ɗan zame sai ƙarfin ya koma kan giya. Idonka na kan allurar zafi duk tsawon tafiyar. In ta ƙi tashi daga ƙasa sam, ƙila an cire tamostat mai daidaita zafin ruwan inji, dabarar da wasu ke yi don ɓoye zafin inji.

Bayan ta zama taka

Ranar farko a juye komai: baƙin mai, man giya, man aksil, man birki, ruwan lagireto, da duka filtoci. Kada ka dogara da cewa "jiya aka yi sabis". Dubi shekarun tayoyi, alƙaluma huɗu ne a gefensu, 2319 na nufin mako na 23 na 2019. A lokacin hunturu filtar iska na cika da wuri, ka riƙa dubawa duk mako.

Kayan ƙari kuwa, kada kwalliya ta ci kuɗin abin da ke da amfani. A ta dizal, ƙarin filta mai raba ruwa da mai ita ce ta farko a wurina, kuma duk ranar da fitilar ruwa ta kama, tsaya ka tsiyaye shi ta ƙasan filta nan take. Sai shimfiɗar roba a akwatin baya don kada taki da gishiri su ci ƙarfe, amma ka riƙa ɗaga ta kana wanke ƙarƙashi, domin ruwa na kwanciya a wurin. Sai tamfol mai kyau, da igiyoyin ɗaure kaya, da jak mai ƙarfi, da na'urar bin sawu saboda ɓarayi. Ƙarfen gaba da ake haɗawa a wurin mai walda ina jin tsoronsa: yana da nauyi, yana tare wa lagireto iska, kuma yana iya rikita aikin jakar iska ranar haɗari. Baƙin gilashi kuma sai da izinin 'yan sanda.

Saura lodi. Yawancin Hilux abin da aka ƙayyade musu bai wuce tan ɗaya ba, wasu ma ba su kai ba, kuma a ciki har da direba da fasinjoji. Buhun masara kilo 100 ne, ke nan buhu takwas da mutum biyu sun kusa cika ma'auni. Mafi nauyin kayan ka matso da shi jikin ɗakin direba, gaban tayoyin baya, kada ya rataya a kan ƙofar baya. Sannan ka ƙara wa tayoyin baya iska daidai da abin da aka rubuta a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, in ka sauke kaya ka mayar da ita yadda take.