Darasi na 9: Abin da Jini Yake Faɗa Game da Ƙoda

Ƙoda biyu gare mu, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Aikinsu tace jini. A kwana ɗaya suna tace ruwa kusan lita 180, amma abin da ke fita a fitsari bai wuce lita biyu ba. Sauran, jiki ya mayar da abinsa.

Yawancinmu mun san hawan jini da ciwon suga suna lalata ƙoda. Abin da ba a cika sani ba shi ne, garkuwar jiki ma takan ji mata rauni, kamar mai gadin da ya kai wa ɓarawo sanda ya sami maigida.

Ga misali. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro, ko ƙazwa ta zama gyambo. Ya warke, har an manta. Bayan mako biyu ko uku sai fuska ta kumbura da safe, fitsari ya ragu, launinsa kamar shayi ba madara. A nan ne wasu ke cewa sammu ne, a tafi neman rubutu. Asibiti ya kamata a nufa.

Likita zai sa a ɗebi jini. Gwajin ASO yana nuna ko jiki ya yi faɗa da ƙwayar cutar maƙogwaro kwanan nan. Akwai kuma wani sinadarin garkuwa, C3, wanda yake raguwa a jini idan faɗan ya kai ga ƙoda. A irin wannan ciwo yakan dawo daidai cikin mako 6 zuwa 8. In bai dawo ba, likita zai nemi wani dalilin. Shi ya sa ake cewa ku dawo a sake gwaji, ko da yaro ya tashi yana wasa. Ba neman kuɗi ba ne.

Takardar sakamakon kuwa, kada ta zama ta ƙunshe ƙosai. A adana ta a leda, domin da ita za a gwada ta gaba.

A nan Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana wankin ƙoda, kuma tun 2002 ya fara dashe.

Aiki:
1. Wane launi fitsarin yaron ya koma?
2. Karanta da ƙarfi, sannan ka rubuta sau uku: ƙoda, ƙazwa, maƙogwaro. Kula da lanƙwasar ƙ.