Yadda zaka gane da idonka yadda birbiri ke farauta da kunne

Jama'a da yawa sun ɗauka birbiri makaho ne, wai yawo kawai yake a duhu yana dace. Wallahi ba haka bane, yana da ido kuma yana gani, sai dai farautarsa da kunne yake yi, kuma abu ne da zaka iya gwadawa a unguwarku yau da magariba ba sai ka kashe ko sisi ba.

Da farko ka rarrabe su tukuna. Manyan jemagun nan masu kalar ciyawa busasshiya da suke rataye a bishiya suna cin mangwaro da ɓaure, su da ido da hanci suke aiki, ba su muke nema ba. Wanda muke magana shine ɗan ƙaramin nan, birbiri, mai kwana a rufin ɗaki ko ƙarƙashin kwano, mai cin ƙwari.

Kafin ka fita kallonsa, ka gwada abin a kanka. Nemi doguwar katanga ko gindin dutse, ka ja baya kamar taku 25 zuwa 30, ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi ka saurara. Zaka ji amsa-kuwwa ta dawo maka. Ka matsa kusa ka sake tafawa, zaka ji ta dawo da wuri, in ka matso ƙasa da mita 17 ma kunnenka bazai iya raba tafin da amsar ba. Dalili kuwa sauti yana gudun kamar mita 340 a daƙiƙa ɗaya, to shi birbiri wannan ɗan jinkirin yake aunawa, ya yi ƙara, ƙarar ta daki ƙwaro ta dawo, daga lokacin da ta ɗauka ya san nisan, daga kunnen da ya fara ji ya san hagu ne ko dama, daga ƙarfin amsar ya san girman abin. Ƙwaro in yana nisan mita ɗaya amsar tana dawowa cikin kamar kashi 6 cikin 1000 na daƙiƙa, kai ka duba ikon Allah, kuma duk lissafin nan yana yinsa ne yana cikin tashi.

To yanzu sai wuri. Bayan an idar da sallar magariba, sama bata gama duhu ba, ka tsaya kusa da fitilar kan titi ko bakin kududdufi. In damina ce kuma an yi ruwa shinge ya fito, ai ka dace, ranar kasuwarsu ce. Ka tsaya yadda sararin sama zai zama bayansu don ka ga inuwarsu sosai, kar ka haske su da tocila.

Ka zaɓi guda ɗaya ka bishi da ido. Zaka ga yana tafiya salin alin yana zagaye, a lokacin bincike yake, yana sakin ƙara kamar sau 10 a daƙiƙa. Can sai kaga ya karkace farat ɗaya ya yi ƙasa ko gefe, to nan ya ji wani abu, yana ƙara yawan ƙarar yana matsowa har ta kai kusan sau 200 a daƙiƙa dab da kamu. Sau da yawa ma ba da baki yake cafkewa ba, da fiffike ko fatar wutsiya yake kwaso ƙwaron ya kai baki. Kai dai bazaka ji komai ba, don kunnen ɗan adam iyakarsa wajen kilohaz 20 ne (ma'aunin sirantar sauti kenan), su kuma yawancin kiransu ya haura nan. Yara ƙanana wani lokacin suna ɗan tsinkayar na wasu, in kana da ƙani ka tafi dashi. Akwai kuma ƴar na'ura da ake jona wa waya, irin Echo Meter Touch, mai sauko da ƙarar yadda kunne zai ji.

Gwajin da nafi so shine na tsakuwa. Ɗauki ƴar ƙarama kamar ƙwayar wake, in ya taho ka cilla ta sama a hankali gabansa, ba jifansa zakayi ba don Allah. Zaka ga ya juyo ya biyo ta ƙasa, sai ya gane ba abinci bane ya saketa. Ranar da na fara gwadawa a ƙofar gidanmu sai da tsigar jikina ta tashi, tsakuwar da ni da na jefa bana ganinta, shi ya jita. Sau biyu ko uku ya isa, kar ka wahalar dashi yana neman abincinsa.

In kaga faɗa-wuta yana tashi sai kawai ya faɗo ƙasa kamar an harbe shi, ka lura da kyau, wasunsu suna da kunnen da ke jin kiran birbiri, faɗowar nan tsira ce.

Wannan sirrin na farauta da kunne ya daɗe yana ba masana wahala. A 1793 wani ɗan Italiya, Lazzaro Spallanzani, ya ga su birbiri suna kauce wa abubuwa ko da basa gani, sannan wani masani Louis Jurine a birnin Jeniba ya toshe musu kunne sai suka dinga karo. Ba a gane dalili ba sai 1938 da Donald Griffin a jami'ar Harvard ta Amurka ya samu na'urar da ta kama ƙarar.

Abu ɗaya da zan roƙe ka, kallo kawai. In ka tsinci wani a ƙasa kar ka taɓa da hannu, ka hana yara ma, don wasu na ɗauke da cutar haukan kare. In kuma ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 a wuce asibiti a ranar.