Kafin ka sayi laftof, rubuta aikin da za ta yi maka

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina da shagon buga takardu a Samaru, Zariya, kuma duk farkon zangon karatu sai an turo mini wani da tambaya ɗaya: wace laftof zan saya? A bara tambayar daga cikin gida ta fito. 'Yar yayata ta samu gurbin karatun zanen gine-gine, mahaifinta ya sayar da masarar da ya noma ya haɗa mata kuɗin, ita kuma ta zo shago da hoton MacBook Air a wayarta. "Kawu, wannan nake so. Ka ga ba ta da nauyi, kuma cajinta yana wuni." Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Amma takarda da biro na miƙa mata, na ce ta nemi wani ɗan aji uku a sashensu, ta rubuto mini sunayen manhajojin da za su yi aiki da su har su gama.

Washegari ta dawo da suna huɗu: AutoCAD, SketchUp, Photoshop da Revit. Na ja layi a ƙarƙashin na ƙarshen. Uku na farko akwai su a Mac, Revit kuwa kamfanin Autodesk don Windows kaɗai yake yin sa. Da ta sayi Mac ɗin, da ta shiga aji biyu ko uku ta koma aron kwamfutar ƙawaye, alhali tata ta fi tasu tsada.

Daga nan nake so kowa ya fara. Mutane suna zama su yi ta musu a kan Windows da macOS da Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kamar musun 'yan ƙwallo, bayan kuwa yawanci aikin mutum ne yake zaɓar masa. Mai aiki da SolidWorks na zanen injuna ko ArcGIS Pro na taswira ba shi da zaɓi, Windows ne. Wanda zai rubuta manhajar iPhone dole ya nemi Mac, domin Xcode, manhajar da ake rubuta ta da ita, a nan kawai yake, haka ma mai son Final Cut Pro don haɗa bidiyo. Wanda aikinsa rubutu ne da lissafi a Excel da shiga intanet, shi ne yake da 'yancin bin son ransa, kuma shi ne ya fi bukatar ya yi lissafi da kyau, don babu abin da ya tsare masa hanya sai aljihunsa.

Ni Windows nake ba yawancin mutane shawara, ba don ya fi sauran kyau ba. Dalilina shi ne ranar da abu ya lalace. Laftof ɗin HP ko Dell ko Lenovo in ta samu matsala, a kusan kowane babban gari za ka samu mai gyara, ka samu caja da batir da sikirin. Firintar ofis za ta karɓe ta, abokin karatunka zai iya nuna maka inda ka kuskure. Sai dai akwai wani abu da ya canza kasuwar na hannu gaba ɗaya, wanda masu saye da yawa ba su sani ba. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, in ban da ƙarin wa'adin gyaran tsaro da ya ba waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuwa ba ya karɓar kowace na'ura. Yana bukatar wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a furosesan Intel (furosesa shi ne ƙwaƙwalwar na'ura) daga zubi na takwas yake farawa, wato abin da 'yan kasuwa ke ce wa janareshan na takwas. A na AMD kuma daga jerin Ryzen 2000.

Wannan darasin da kuɗina na saye shi. A farkon 2021 na sayo laftof biyu don shago, kowace da tambarin Core i7 yana ƙyalli a gefen madannai. Mai shagon ya ce mini, "Alhaji, i7 ce fa, babu sama da ita." Ban duba komai ba bayan wannan tambarin. Bayan 'yan watanni aka sanar da Windows 11, na gwada, duka biyun ya ƙi su. Furosesansu i7-6600U ne, zubi na shida. Lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce take faɗa maka zubin: 6600 na shida ne, 8250 na takwas, in lambar ta fara da 10 ko 11 to na goma ne ko na sha ɗaya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da na gane i5-8250U, wanda sunansa ya fi ƙanƙanta, ya fi nawa ƙarfi nesa ba kusa ba. Furosesa yana da abin da ake kira kor, wato hannayen da yake aiki da su. Nawa biyu gare shi, wancan huɗu. Don haka kada a ce maka i7 ka yi shiru. Ka tambaya, na wane zubi? Kuma kada ka tsaya a kan amsar baki ko takardar da aka manna a murfi, a kunna ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga shafin da ke nuna aikin na'ura, ka karanta cikakken sunan da idonka. Ko ka tarar da Windows 11 a kanta, ka duba, domin ana iya tura shi da dabara a kan tsohuwar na'ura, kuma Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da sabunta irin wannan ba.

Waɗancan biyun ban zubar da su ba. Linux Mint, wani nau'in Linux, na sa musu, suna nan suna aiki har yau, yara suna cike fom a intanet da su, firintata ma ta karɓe su ba tare da wata wahala ba. Linux kyauta ne, ba ya cin ƙarfin na'ura sosai, kuma ƙwayoyin cutar da ɗalibai ke kwasowa a filash ba sa kama shi, domin don Windows aka yi su. Ga mai koyon rubuta manhaja ko mai tsohuwar laftof da ba ya son rabuwa da ita, ina ganin babu abin da ya kai shi. Amma ga inda yake ba ni matsala: babu Microsoft Word na sakawa a kansa, babu Photoshop, babu CorelDRAW. Akwai LibreOffice, yana buɗe takardun Word, sai dai in ɗalibi ya kawo furojet mai shafi tamanin da jadawali da lambobin shafi iri biyu, sau da yawa sai ka ga layi ya goce, jadawali ya tsallaka wani shafin. Irin wannan aikin a Windows nake buga shi. In kana sha'awar Linux, ka sa shi a filash ka kunna na'ura daga nan ka yi kwana biyu kana gwadawa, ba sai ka goge komai ba.

Mac kuwa, gaskiya ina ganin darajarta, musamman a inda wuta ba ta zama. Tun da Apple ya fito da furosesansa na M1 a Nuwamba 2020 labarin batir ya canza. MacBook Air mai M1 ko fanka ba ta da ita, ga mai zama a garin da ƙurar hunturu ke toshe komai wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ɗan jarida ko malamin da ke yawo da aikinsa a jaka, in kuɗinsa ya kai, zai ji daɗinta. Amma ka san abin da ka shiga. RAM ɗinta, wato wurin da take riƙe aikin da ake kan yi, da ma'ajiyarta a like suke da allon ciki, yadda ka saye ta haka za ta tsufa, ba a ƙarawa. Gyaranta yana da tsada, masu iya shi kuma ba su da yawa in ka bar manyan birane. Sannan ka yi hattara da tsofaffin Mac masu furosesan Intel da ake sayarwa da araha: Apple ya riga ya sanar cewa macOS 26 ne na ƙarshe da zai yi aiki a kan Intel, kuma MacBook Pro na 2016 zuwa 2019 an san madannansu da maƙalewa in ƙura ta shiga. Tuffar da ke murfi ba ita ce aikin ba.

Chromebook, laftof mai aiki da babbar manhajar Google, ba zan daɗe a kanta ba. Tana da araha, ta dace da yaron da karatu kawai zai yi a intanet, amma yawancin aikinta data yake so, kuma manhajojin da muka ambata a sama ba sa hawa kanta.

In ka gama da babbar manhaja, saura auna kuɗi. Ni ba farashin yau nake kallo ba, shekarun da na'ura za ta yi tana aiki nake raba kuɗin da su. Da wannan lissafin, sau da yawa tsohuwar laftof ɗin ofis ta fi sabuwa 'yar kwali mai araha. Za ka ga sabuwa fil a leda, farashinta daidai da na tokumbo, amma furosesanta Celeron ne mara ƙarfi, RAM 4GB, ma'ajiya 64GB ta eMMC mai jinkiri wadda Windows kaɗai zai cinye kusan rabinta. Wata uku za ka fara jin haushinta. A gefe guda ga irin su ThinkPad T480, Dell Latitude 7490 da HP EliteBook 840 G5, duk na wajajen 2018, waɗanda aka ƙera don ma'aikatan kamfanoni, jikinsu da ƙwari, kayan gyaransu a ko'ina. T480 ma ramin RAM biyu gare ta, ga batir na waje da ake zarewa a sa wani. Ko a cikinsu ka duba furosesa, don akwai waɗanda suka fito da zubi na bakwai. Abin da ba na sassautawa shi ne SSD, wato ma'ajiya ta zamani mai sauri. Na'ura mai tsohon faifai mai juyawa za ta sa ka jira minti biyu kafin ta tashi, mai SSD kuwa daƙiƙu kaɗan. 256GB ya isa farawa. RAM kada ya gaza 8GB, mai zane ko haɗa bidiyo ya nemi 16GB.

Ranar saye ka tafi da safe, ka tafi da filash ɗinka, kuma kada ka yarda a gaggauta ka. Da muka je da 'yar yayata sai da muka yi fiye da awa ɗaya a kan benci a shago guda. Na fara da batir. A Windows ana buɗe wurin rubuta umarni a rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar da rahoto mai lambobi biyu, ƙarfin batirin ranar da aka ƙera shi da abin da yake iya ɗauka yanzu. Ta farko da aka ba mu, lamba ta biyu ba ta kai rabin ta farko ba. Na juya sikirin na nuna wa mai shagon, bai yi musu ba, ya ɗauko wata. A Mac kuma ana duba adadin zagayen caji a bayanan na'ura, Apple ya ƙayyade 1,000 ga MacBook na zamani. Daga nan na zare caja na bar bidiyo yana tafiya, na sa hannu a ƙasanta ina jin zafi, na kasa kunne ga kukan fanka. Na buɗe farin shafi na ƙure haske don ganin tabo a sikirin, na buɗe murfin na rufe sau da yawa ina duba ko maɗaurinsa ya saki. Ita kuma na sa ta danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya, ta gwada kowane rami da filash, ta gwada kyamara da sifika da Wi-Fi.

Akwai makullai da ba a gani sai an nema. Ka sake kunna na'ura ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, in ta nemi kalmar sirri kuma mai shago bai san ta ba, ka ajiye ta. A Mac ka tabbata an cire asusun iCloud, wato asusun Apple, na mai ita na farko, a goge ta a gabanka, a haɗa ta da intanet, ka ga ta wuce matakin farko ba tare da ta nemi sunan wani ko ta nuna cewa wani kamfani ne ke kula da ita ba. Chromebook ɗin da ta fito daga makarantun waje ma takan zo da irin wannan kulle.

Ka kalli tsarin madannai kuma. Wadda ta fito daga Faransa layinta na sama da A da Z yake farawa, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun saba da shi, amma wanda ya koyi bugu a Najeriya zai sha wahala. Ta Jamus kuma Y da Z sun yi musayar wuri. Ga mai rubutu da Hausa irina, Windows yana da tsarin madannan Hausa a cikinsa, Linux ma haka, sannan manhajar madannai ta Keyman tana aiki a Windows da Mac da Linux duka, don haka ɓ da ɗ da ƙ ba za su hana ka zaɓar wadda kake so ba.

Ita dai 'yar yayata HP ZBook 15 G5 muka ɗauka mata, mai RAM 16GB da katin zane na daban. Ta haura kilo biyu, cajarta ma kaya ce guda, kuma na faɗa mata tun a shagon cewa batirinta ba zai yi wunin da na MacBook yake yi ba, sai ta riƙa neman kujerar da ke kusa da soket a situdiyo. Na sa aka rubuta lambar jikin na'urar a rasit tare da garantin sati biyu, aka buga hatimi. Ragowar kuɗin muka sayi jaka mai soso da linzami, domin zane da ɗan faifan yatsa azaba ne. A cikin mota tana rungume da jakar ta ce, "Kawu, in na fara aiki zan sayi waccan ɗin fa." Na ce Allah ya nuna mana, in lokacin ya yi ta sake kawo mini takardar.