Yadda za ki zaga Akara da goyo ba tare da kun galabaita ba

Ɗana na fari yana da wata biyar na fara shiga Akara da shi, bikin ƙanwar maigidana a Mamobi. Sai wajen sha biyun rana muka bar Kumasi, ina lissafin tafiyar kilomita kusan 250 ba za ta wuce awa biyar ba. La'asar sakaliya ta same mu a Ofankor, motoci sun tsaya cik, jakar kayansa kuma tana can ƙasan mota tare da akwatuna. Ya ɓata jikinsa, babu abin da zan canza masa, ya yi ta kuka har muryarsa ta dishe. Sai bayan isha'i muka sa ƙafa a gidan biki. Har yau in na tuna ajiyar zuciyar da ya kwana yana yi a ƙirjina, raina yakan sosu. Tun daga nan na bi hanyar da goyo ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, ga kuma abin da nake gaya wa duk wadda ta tambaye ni.

Mataki na farko: ki tsai da lokaci kafin ki taɓa akwati

In kika tambayi mutumin Akara nisan wuri, abin da zai fara ce miki shi ne, ƙarfe nawa za ki tashi? Daga shida zuwa tara na safe kowa yana tura kai cikin gari, daga huɗu na yamma zuwa takwas kowa yana neman hanyar gida. Yammacin Juma'a ya fi kowanne muni. Saboda haka daga Kumasi ki kama motar asuba a Asafo, ki shiga Akara kafin azahar. In da hali ki hau babbar bas mai tikiti, kowa da kujerarsa. Sanyin cikinta yakan yi wa jariri yawa, ki tanadi hula da safa da ɗan bargo a hannu. Galibi akan tsaya hutu a wajen mahaɗar Bunso, to nan za ki canza masa ko da kin ga bai jiƙe sosai ba, don gaba ba ki san abin da za ki tarar a Nsawam da Pokuase ba.

A cikin gari kuwa, fitarki ta kasance tsakanin goma na safe da uku na rana, kuma unguwa ɗaya a wuni. Na san nauyin da ke kan baƙuwa: gwaggo tana Madina, kawu yana Fadama, ƙawa tana Sabon Zango, kowa zai ce kin zo ba ki leƙo shi ba. Ki raba su kwana-kwana. Ziyara mafi nisa ki bar ta sai Lahadi da safe, lokacin da titi yake fayau.

Mataki na biyu: jakar hannu

Ƙarama guda, mai rataya, wadda ba za ta rabu da jikinki ba. Famfas biyar ko shida, tsumman goge jiki, kaya kala biyu, zani na daban don shimfiɗa, ledar zuba abin da ya ɓaci, ruwan shanki, lema. Littafin awonsa da katin inshorar lafiya su shiga cikin leda, kada ruwa ya taɓa su. Ki canza kuɗi ƙanana, sidi biyu da biyar da goma, ki sa su inda hannu ɗaya zai kai, waya kuma ta cika da caji da ɗan kuɗi a MoMo, wato asusun kuɗi na waya.

Mataki na uku: zani da majanyi

Keken tura jariri ki bar shi a gida. Na ga wata baiwar Allah da ta zo da nata daga Turai tana fama da shi a lungun Nima, ƙarshe wani yaro ne ya ɗora shi a ka, ita kuma ta rungumi 'yarta. Yawancin titunan unguwanninmu ba su da gefen tafiyar ƙafa, inda akwai kuma 'yan tireda sun cika shi, ga lambatu a buɗe, wani wurin da katako ɗaya ake tsallakawa. Goyo ne ke bar miki hannu biyu da ido a ƙasa.

Sai dai goyon birni yana da ƙa'ida. Ki zaɓi zanin auduga marar santsi, ki ɗaure majanyi da kyau, ki tabbata kan jaririn da wuyansa bai yi ƙwari ba yana da madogara, hancinsa kuma a sarari. Abin da ya fi damuna shi ne dogon hijabi. Muna yafa shi har kan yaro don kare shi daga rana da ƙura, alhali zafin Akara mai gumi ne, a ƙarƙashin yadin nan iska ba ta zagayawa. Ki fito da kansa waje, ki sa masa hula mai sauƙi, ki riƙe lema. Lokaci-lokaci ki kai hannu ki taɓa ƙeyarsa. In kin ji ta jiƙe sharkaf da zafi, ki nemi inuwa ki sauke shi ya sha iska.

Mataki na huɗu: wace mota

Nan ne zan daɗe, don nan ake yawan wahala. Torotoro, wato ƙaramar bas ta haya, ita ce mai arha, kuma babu inda ba ta zuwa. Ki hau ta daga tasha, kamar Circle ko Kaneshie ko Madina ko 37, inda take tsaye tana lodi, domin a bakin titi direba ba ya jiran ki zauna. Kafin ki sa ƙafa, ki tsaya gefe ki kwance goyon ki dawo da yaro ƙirjinki. Ƙofar torotoro gajera ce, ke za ki sunkuya ki wuce lafiya, kan yaron da ke bayanki ne zai bugi ƙarfen sama. Tafin hannunki ya kasance a kansa har ki zauna, haka ma wajen sauka.

Kada ki zauna gaba kusa da direba. Kada ki karɓi kujerar bakin ƙofa ko 'yar mai naɗewar nan, don duk wanda zai sauka sai kin tashi masa. Ki nemi layi na biyu ko na uku, jikin taga. In aljihu zai ɗauka, ki biya kuɗin kujera biyu, ki gaya wa met tun kafin mota ta cika. Met shi ne yaron mota, shi ke karɓar kuɗi, shi ke kiran hanya. In kin ga yana juya yatsa yana zagaye, Circle za su. In kin ji "Kra, Kra", tsakiyar gari ke nan. Ki faɗa masa inda za ki sauka tun da wuri, ki sake tuna masa in an kusa.

A wata tafiya daga Nima, wata dattijuwa da ke gefena ta ga ina kokawa da jaka da yaro da canji. Ta ce, "'Yata, kawo jakar in riƙe miki, ki ba shi ya sha." Na ce, "Mma, Allah ya saka da alheri." Ta ɗora jakar a cinyarta har Circle, ta kuma daka wa met tsawa ya jira in sauka a hankali. Irin wannan taimako za ki same shi da yawa, ki karɓa. Amma a cikin hayaniyar tasha, kaya ake miƙa wa baƙon ido, yaro yana jikinki.

In rana ta take, ko yamma ta kama ki, ko yaro ba ya jin daɗi, ki ɗauki shatar tasi, abin da suke kira "dropping". Ku gama ciniki kafin ki shiga. Bolt da Uber da Yango duk suna aiki a Akara, amfaninsu shi ne mota za ta same ki har bakin layi, kuma kin san kuɗin tun farko. Ki kwatanta wa direba da masallaci ko gidan mai ko mahaɗa, ya fi lambar gida saurin ganewa. Da wuya ki samu kujerar jarirai a cikinsu. Wadda take da ita, kuma ɗan'uwa zai riƙa kai ta unguwa a motarsa, ta taho da abarta, babu abin da ya kai ta tsaro. In babu, ki zauna baya, ki ɗaura bel a jikinki ke kaɗai. Kada bel ɗaya ya zagaye ku biyu, domin in aka taka birki da ƙarfi nauyinki ne zai danne shi.

Okada kuwa, a'a. Ko an makara ɗaurin aure.

Mataki na biyar: kasuwa da tsallaka titi

Makola da Kantamanto ba wurin jariri ba ne in akwai wadda za ki bar wa shi na awa biyu. In babu, ki je da safe, ki riƙe shi ta gaba. Masu baro da masu kaya a ka suna tahowa ta bayanki, da kin ji "agoo" ki matsa gefe nan take. Kasuwar Nima ranar Laraba take cika maƙil. Ki ɗauki kayayo, wato mace mai dako, ta riƙe miki saye-sayenki, kuma don Allah kada ki matse ta a ciniki. Da yawansu 'yan arewacin Ghana ne, wata da nata goyon a baya take ɗaukar kayanki. A manyan hanyoyi irin na Madina zuwa Adenta ki hau gadar sama, komai tsayin matakalarta. Mutanen wurin sai da suka yi zanga-zanga a 2018 saboda rayukan da titin ya ci kafin a kammala gadojin.

Mataki na shida: shayarwa, ruwan sama, da ciwo

Yaron da bai kai wata shida ba nono ya ishe shi, ko a zafin Fabrairu da Maris. Kada ki ba shi ruwan leda don kin ga yana gumi, ki yawaita ba shi mama, ke kuma ki yi ta shan ruwa. Wanda ya fara cin abinci, ki dama masa a gida ki zuba a fulas. Wurin zama ba ya wuya: ki yi wa mai shago sallama ta ba ki benci, ko ki shiga ɓangaren mata a masallaci. Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, yana dab da Nima, ki yi salla ki huta, shi ma ya miƙe ƙafa.

In tafiyarki ta faɗo a Mayu ko Yuni, ki riƙa duban sama. Da hadari ya haɗo, ki zauna inda kike. Circle da Kaneshie da Alajo suna cika da ruwa cikin ɗan lokaci, lambatu ya ɓace a ƙarƙashinsa. Mutanen Akara ba su manta da daren 3 ga Yuni 2015 ba, da ambaliya da gobara suka haɗu a Circle.

Tun ranar da kika sauka ki tambayi masu masaukinki asibiti mafi kusa. Akwai na Mamobi, akwai Ridge da Korle Bu, akwai na yara na Princess Marie Louise a tsakiyar gari, lambar gaggawa kuma 112 ce. Jaririn da bai kai wata uku ba in jikinsa ya yi zafi, kada ki tsaya neman magani a kemis, ki kai shi. Haka in ya ƙi kama nono, ko maɗigarsa ta faɗa, ko gudawa ta haɗu da amai, ko kin ga ya daɗe bai jiƙa famfas ba.

Rana a Akara tana faɗuwa wajen ƙarfe shida, rani da damina, sauro kuma ba ya jiran a gama magariba. Ki lissafa komawarki yadda kiran salla zai same ki a gida, kin yi masa wanka, kin sa masa mai dogon hannu. Gidan sauronki ki taho da shi daga Kumasi, har da igiya da ƙusoshi biyu uku, domin a gidan biki kowane ɗaki cike yake da baƙi, ba lallai a samu na ara miki ba.