Yadda Ake Gwada Tafiyar Iska a Jikin Motar Tsere ta Ɗalibai

Ɗaliban da ke ƙera ƙaramar motar tsere a wajen birni, ko a Wudil ne ko Kazaure ko Haɗeja, ba su da ɗakin gwajin iska irin na manyan kamfanoni, amma da zaren ulu da tiyon ruwa da wayar hannu za su iya ganin abin da iska ke yi wa motarsu. Abin da ya kamata a fara riƙewa shi ne, idan gudu ya ninka biyu, turjiyar iska ninkawa huɗu take yi, ƙarfin da inji ke buƙata don keta ta kuwa ya ninka takwas.

A sassaƙa hancin motar ya zama mai santsi, a rufe ƙarƙashinta da shimfiɗaɗɗen falle, a kuma bar wa lagireto ƙofar shigar iska da ta fita, domin a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, inji ba ya yafe toshewa. Fiffiken baya tamkar na jirgin sama ne da aka kife, aikinsa danne tayoyi a kan kwalta don kada mota ta zame a kwana. Tun 1968 motocin kamfanin Lotus suka fara ɗaukarsa a gasar tseren motoci ta Formula One. Tunda motar ɗalibai ba ta gudu sosai, sai fiffiken ya yi faɗi kafin a ji amfaninsa.

Gwajin zare shi ne mafi arha, kuma a ganina shi ya fi koyarwa. A yanka zaren ulu mai launi tsawon santimita 8, a liƙa kan kowanne da salatif a jere, a bar tazarar santimita 10, musamman a ƙasan fiffike da bayan kan direba, sannan a ɗaure waya da kyau tana ɗaukar bidiyo. Inda zare ya kwanta ya miƙe baya, iska na bin jikin motar; inda yake rawa ko ya juyo gaba, ta rabu da shi, turjiya ta ƙaru. A fara karkata fiffiken da digiri 5, a riƙa ƙara biyu-biyu, domin fiffike guda yakan saki iska a wajajen digiri 15, sai dannawar ta faɗi nan take.

Tiyon da magina ke auna daidaiton gini da shi ma yana aiki wajen auna matsin iska. A lanƙwasa shi kamar harafin U, a zuba ruwa (ɗan zoɓo zai sa a gan shi a bidiyo), a fuskantar da baki ɗaya gaba, ɗayan kuma a ɓoye shi daga iska. A gudun kilomita 60 a awa, tazarar ruwan ɓangarorin biyu za ta kai kusan milimita 16.

Don auna turjiya, direba ya sa hular kwano, ya kai kilomita 60, ya sa mota a firi, a ƙirga daƙiƙoƙin da za ta ɗauka kafin ta sauko 30; idan daƙiƙoƙin suka ƙaru, turjiya ta ragu ke nan. A yi haka sau uku zuwa, sau uku dawowa, a kan miƙaƙƙiyar hanya marar gangara, bayan sallar asuba kafin iska ta taso, ba ranar kasuwa ba, kuma da sanin dagaci saboda masu kora dabbobi. Kwanakin da iskar hunturu ke kaɗawa a haƙura da gwajin. Abu ɗaya kawai ake canzawa tsakanin gwaji da gwaji, iskar taya da direba kuwa su kasance yadda suke, a rubuta kowane sakamako a littafi tun ana bakin hanya.